Tarin Motar Yaya

Duk Talatar Mafara babu wanda bai san motar yayana ba, kuma babu wanda bai yi mata dariya ba, har da ni. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, ga ta ƙasa-ƙasa, in za ka shiga sai ka durƙusa kamar mai leƙa akurki. Ba ta ɗaukar buhun shinkafa, ba ta ɗaukar iyali, ko akuya ka saya a kasuwa sai dai ka rungume abarka a cinya. Irin motocin tseren nan ce da aka ƙera don gudu da burga kawai. Wani injiniya Kirista da ya daɗe yana aiki a madatsar Bakolori ne ya zo da ita tun muna yara, kuma tun lokacin Yaya ya ƙwallafa rai a kanta. Da mutumin ya yi ritaya zai koma garinsu, Yaya ya je ya tare a ƙofar gidansa, safe da yamma, har ya gaji ya sayar masa. A lokacin ta riga ta tsufa tukuf.

Sana'ar Yaya gyaran injin ban-ruwa. Daga fadamun Bakolori har ƙauyukan Maradun, in injin manomi ya ƙi tashi shi ake nema. Amma motarsa tana da wani ciwo da ya ƙi taɓawa. In ya yi tafiya injin ya ɗau zafi, ya zo ya murɗa makulli ya kashe, ba ta mutuwa nan take. Sai ta ci gaba da karkarwa, ta yi tari, ta sake tari, jikinta duk yana girgiza, sannan ta ja wani dogon numfashi ta salansa ta yi tsit. Yaran unguwa har kwaikwayonta suke yi.

Na sha yi masa tsiya. Nakan ce, "Yaya, kai da ka gyaran injin mutane, taka ta gagare ka? Wallahi kana ba mu kunya."

Sai ya yi dariya ya shafa bonet ɗin ya ce, "Ƙyale ta, sallama taka yi. Ka taɓa ganin mai hankali ya shiga gida ba sallama?"

Yaya shi ne ɗan fari a wurin Inna, mahaifiyarmu, kuma Inna mutuniyar dā ce ta sosai. Tunda na buɗe ido ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yayanka". Akwai wani yaron maƙwabta mai irin sunan, shi ma sai da ta laƙaba masa wani. Kullum bayan la'asar Yaya zai zo gaishe ta, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, ita kuma ta juya masa ƙeya tana tsintar wake ko tana gyaran zare, ta amsa a taƙaice kamar wanda ya zo bin bashi. Ni kuwa sunana ba ya hutawa a bakinta, ta yi mini faɗa, ta yi mini wasa, ta ja kunnena. Ina yaro na ɗauka ni ake so. Sai da na yi hankali na lura da wani abu. Da zarar motar nan ta yi tarinta a bayan katanga, Inna za ta ce wa duk wanda ke kusa, "A ɗauko kwanon can da ka ƙarƙashin faifai, mai hayaniyag ga ya zo." Kuma babu wanda ya isa ya buɗe wannan kwanon. Na daɗe ina zargin akwai abin da ake sa masa wanda ba a sa mana, na ce da ita haka wata rana, ta ce bakina ya cika tsawo.

Da rani aka kira shi Gidan Goga, injin wani ya tsaya albasa tana neman ƙonewa. Hanyar ba ta motarsa ba ce, cikinta zai riƙa dukan ƙasa, sai ya bar ta a gida ya hau babur. A hanya 'yan bindiga suka tare su.

Ba na son faɗin kwanakin da suka biyo baya. Aka yi ta waya, muka sayar da abin da zai sayu, motar ma ta tafi a cikin wannan rububin, ni na miƙa makullin da hannuna ban ko kalli fuskar mai sayen ba. Muka kai abin da aka ce mu kai. Daga nan lambar ta daina shiga. Waɗanda aka sako daga baya, wani ya ce ya gan shi ba shi da lafiya, wani ya ce an wuce da shi wani daji, wani ya sunkuyar da kai kawai. Ba mu ga Yaya ba, ba mu ga gawarsa ba.

Mutane suka yi ta zuwa jaje, Inna tana amsawa da "sai haƙuri" kamar ɗan maƙwabta ne ya ɓata. Ko ɗigon hawaye ba ta yi a gaban kowa ba, domin uwa ba ta nuna kanta a kan ɗan fari. Tsofaffi suna yaba mata, suna cewa ga mai kunya, ga mai tawakkali. Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni, don ni nake ganin yadda zanenta yake ƙara zagaye ta, da yadda idonta, wanda dama yana da yana, ya ƙarasa dushewa. Kuma kullum da la'asar sai an rufe kwano da faifai an ajiye. Da safe ta sa a ba wa mabukata, da yamma a sake zubawa.

Da abin ya yi nisa, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, liman da dattawan unguwa suka zo suka zauna da ita. Suka ce ya kamata a je gaban alƙali, a yi wa bawan Allah addu'a, ita ma matarsa da ke zaune gidan iyayenta ta san matsayinta, don ba ta ga aure ba ta ga takaba. Inna ta saurare su har suka gama. Ta ce, "Ni ba a kawo mini kowa ba." Iyakar maganarta ke nan. Babu wanda ya iya wuce wannan magana, kuma babu mai ƙarfin halin cewa "marigayi" a cikin gidanmu.

Ana nan wata ranar Talata, ina rumfata a kasuwa inda nake sayar da iri da taki, wani direba ya tsaya muka gaisa, ya ce ya ga motar yayana a Bakura, a hannun wani dillali, an yi mata baƙin fenti. Ban iya sayar da komai ba a ranar. Ba ni da kabarin da zan je in tsaya a kai, ba ni da ko rigar da ya sa a ranar ƙarshe. Ina son wani abu nasa da zan ɗora hannu a kai. Kuma na raya a zuciyata cewa in Inna ta ji motar a bayan katanga, ko yaya ne za ta ji sanyi.

Ban yi mata ɓoyo ba. Da safen da zan tafi na durƙusa na ce, "Inna, an ga motar Yaya Bakura. Za ni in sawo ta."

Ta laluba carbinta. Ta ce, "Mi ya haɗa ni da mota? Kuɗinka na. Allah shi kiyaye hanya."

Na tafi da wani bakanike, abokin Yaya tun na ƙuruciya, wanda tare suka koyi riƙe sifana. A cikin motar haya ya yi ta ja mini kunne, don ya san halina. Ya ce mai sayen tsohuwar mota ba ya nuna yana so. Ka ɗaure fuska, ka kushe taya, ka kushe fenti, ka yi tsaki, ka yi kamar za ka tafi. Ya ce, "Kuma kada ka bari shi gane ka san ta. In ya gane, ka sa wuyanka ga wuƙa."

Muka same ta a gindin wani dogonyaro a bayan shagon faci. An shafe ta da baƙin fenti irin na ganganci, har robar gilashi ba a bari ba. An liƙa mata hotuna a baya, an sake fatar kujeru da wata mai ƙyalli, fitila ɗaya an ɗaure ta da waya. Ita ce, ko a mafarki na san wannan ƙirar, amma ta zama baƙuwa. Ta bi hannu da yawa, kowa ya ci rabonsa ya tura gaba.

Dillalin wani kakkauran mutum ne mai fara'a, hula a goshi. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi Mafara da mutanenta, ya tambayi zafi, ya dawo ya sake tambayar gida. Sannan ya shiga aikinsa.

Ya ce, "Alhaji, wagga mota ba ta sha wahala ba. Wani likita na ad da ita, daga gida sai asibiti. Ko ƙura ba ta sani ba."

Motar da ta yi shekaru tana jigilar bututu da kan injin ban-ruwa, motar da ni kaina na sha tura ta a cikin laka! Na buɗe baki, bakaniken ya taka mini ƙafa. Na haɗiye, na ce taya ta sude.

Bakaniken kuwa ya buɗe bonet ya shiga dubawa a natse. Ya zaro ƙarfen auna baƙin mai, ya murza man a tsakanin yatsu, ya ja ya ga yana yin zare kamar maɗi. Ya dube ni ta wutsiyar ido. Mai kauri aka ɗura mata don ya rufe bakin ƙarar injin. Ya kwance fulogi ɗaya, ya fito baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Ya leƙa lagireto, ruwan ya yi ja da tsatsa. Ya zagaya baya ya zura yatsa a salansa, yatsan ya fito da maiƙo. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito yana kaɗe riga. Ni duk wannan bai dame ni ba. Na sa farce a gefen ƙofa na kankare kaɗan, jan ya leƙo. Abin da ke cin raina ɗaya ne, kada a ce a cikin masu hannu da yawan nan wani ya gyara mata tarin.

Dillalin ya matse kansa ya shiga, ya tayar, ya ba ta wuta har kaji suka watse, ya ɗan zagaya filin ya dawo. Ya kashe. Ta mutu ɗif, ko motsi babu.

Na ji kamar an sake yi mini waya daga daji. Na juya zan nemi wurin zama, sai bakaniken ya matso ya raɗa mini, "Da giya ya kashe ta. Ya taka birki ya saki kuloci. Kuma ba ta yi zahi ba tukuna." Ashe haka masu sayarwa ke yi wa mota mai wannan ciwon, su shaƙe ta kafin ta tona musu asiri.

Na ce ni zan tuƙa. Dillalin ya ce ai babu mai. Na kira ɗan bumburutu ya zuba galan. Ya ce hanya ba kyau. Na ce na ga kwalta. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya zagaya ya shiga ɗaya kujerar, bakaniken ya tsaya a gindin bishiya don babu wurin mutum na uku.

Na miƙa kan kwalta. Sitiyarin yana rawa, wani ƙwanƙwasa yana tasowa daga cikin injin, a madubi ina ganin shuɗin hayaƙi yana bin mu. Dillalin ya kunna rediyo, na kashe. Sai ya kama surutu da ƙarfi, labarin farashin gero, labarin wani ɗan'uwansa da ya je Umara. Ban ji rabin abin da ya ce ba. Kujerar direban ta lotsa ta gefen hagu, daidai yadda Yaya ke zama yana jingine da ƙofa, gwiwar hannu a waje. Sabuwar fatar ba ta ɓoye wannan ba. Na yi ta tafiya har na ji zafin injin yana dukan ƙafafuna, sannan na juyo.

Da muka tsaya a gindin dogonyaron, ya yi wuf ya kai hannu kan giya. Ya ce, "Sa ta giya, Alhaji, haka aka kashe irin su."

Na ture hannunsa. Na sa ta a firi, na murɗa makulli.

Ta yi karkarwa. Ta yi tari, ta sake tari, kujera tana girgiza a ƙarƙashina, sannan ta ja dogon numfashin nan ta yi tsit. Ko ɗaya bai canza ba. Na kifa kaina a kan sitiyari na fashe da kuka, kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da lambar ta daina shiga.

Dillalin ya rikice. Ya ce, "Subhanallahi! Alhaji, abin bai kai nan ba! Kafireto na kawai, aikin rabin yini. Wallahi in rage maka, kada ka ɗaga hankalinka!" Yana ta rantsuwa yana rage kuɗi, ni ina kuka, shi a zatonsa ciwon injin ne ya ba ni takaici. Da na ɗago na nemi bakaniken, na hango shi ya ba mu baya, goshinsa a jikin bishiya.

Da muka natsu bakaniken ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya, don amana ce ta kawo shi. Ya ce injin ya gama yawo. Sai an sauke shi, a sake ringi da fistin, a wanke kansa. In an yi haka za ta yi lafiya, amma tarin zai tafi. In ba a yi ba, ba ya jin za ta ga kaka. Ya ce, "In don mota kaka so, kada ka saya."

Na ce na ji. Na koma wurin dillalin na ce na saya a yadda ya faɗa. Har ransa ya so ya ɓaci, don ya shirya wa doguwar ja-in-ja, ga shi na hana shi nuna gwanintarsa. Ya riƙe hannuna ya ce ya sallama, Allah ya sa albarka, Allah ya tsare, na ce amin.

Tsakanin Bakura da Mafara ba wata tafiya ba ce, amma ta cinye mana yini. Mu yi kaɗan ta yi zafi, mu tsaya mu roƙi ruwa a ƙauye mu zuba, mu jira ta huce. Bakaniken ya sauka a garejinsa a bakin gari, ya ce ba zai iya ƙarasawa da ni ba. Ban tsara lokacin ba, amma da na shigo unguwarmu an sallame la'asar, dattawa sun dawo kan tabarmarsu a ƙofar masallaci. Hira ta tsaya. Na wuce su na ajiye ta a bayan katangar ɗakin Inna, inda har yanzu ƙasar take da baƙin tabon mai.

Yanzu na san dabarar dillali, ina iya kashe ta shiru. Amma don ta ji na kawo ta. Na sa a firi na kashe, ta yi sallamarta.

Ban gama zare makulli ba na ji faɗuwar kwano a cikin gida. Sai ga Inna ta fito ta zaure. Inna da ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da babban mayafi, ga ta ba mayafi, ba takalmi, ɗankwali ya zame, hannu ɗaya yana bin bango ɗaya a miƙe a gabanta. Tana kiran sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, tana maimaitawa, a gaban maza, a gaban yara. Ban taɓa sanin yadda sunan zai fito daga bakinta ba, ashe wani irin ja take yi masa a ƙarshe, irin na mai kiran ƙaramin yaro ya zo ya ci abinci. Dattawan nan duk suka sunkuyar da kai.

Na buɗe ƙofa na fito, kuma motar nan dole ka fito a durƙushe. Kafin in miƙe hannunta ya sami kaina. Ta shafa hulata, ta shafa goshina, ta bi kunnuwana, ta sauko haɓa. Yaya yana da gemu, ni ba ni da shi. Nan hannun ya tsaya.

Ta ce, "Kai na."

Na ce, "Ni na, Inna."

Ta ce, "Na sani. Ai ka hwaɗa mini da sahe."

Ta sake ni ta laluba ta dafa bonet. Yana da zafin da ni ba zan iya riƙewa ba, amma ta bar tafinta a kai. Sai kukan ya zo, a tsaye, a titi, na duk abin da ta haɗiye tun ranar da ta haife shi. Wata maƙwabciya ta fito da gudu ta yafa mata mayafi, muka kama ta muka shiga da ita. Na yi niyyar kawo mata sanyi ne, ban san ɗan sa ran da ya rage mata zan ƙarasa kashewa ba. Zuciyata ta karye a ranar fiye da ranar da aka ɗauke shi.

Bayan magariba ta aika a kira ni. Na same ta a kan tabarma, ta ɗaura ɗankwalinta daidai, muryarta ta dawo irin ta kullum. Ta ce kada in ƙara tayar da motar a bayan ɗakinta. Ta ce gobe in je wurin liman in ce ta amince, in kuma aika gidan iyayen yarinyar nan, matar Yaya, a gaya musu. Sannan ta ce, "Allah shi jiƙan yayanka." Ba ta sake faɗin sunan ba, kuma har yau ban ƙara ji ba.

Na ce amin, na yunƙura zan tashi. Ta ce in dakata. Ta laluba gefenta ta jawo kwanon, ta ɗauke faifan da kanta, ta turo mini.

Ta ce, "Ci, kada shi lalace."

Ba na jin yunwa, amma tana zaune tana sauraro, sai na wanke hannu na sa. Tuwon ya yi sanyi. Da na kai ƙasan malmalar, yatsuna suka taɓa wani abu, na ɗaga na ga tsokar nama ce, babba, an tura ta can ƙarƙashi inda mai leƙa kwano ba zai gani ba.